Ranar da Suka Ja Agogonsu Gaba

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe bakwai da kwata na safe. A kan bencin fasinjoji a tasha, ina jiran Direba Mai Tabo ya cika mota.

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin, ya hannun? Allah ya sa takardar nan ta tarar da sauƙi ya riga ta isowa. Nan gida kowa lafiya. Ƙafar Baba ta sake kumbura amma yana fita, Mama kuma tana nan da tarinta. Ban gaya musu komai ba tukuna, don ban tabbatar da komai ba.

Tun jiya da azahar nake kiran wayarki, ba ta shiga. Da yamma na zo tasha na tarar da Mai Tabo ya dawo daga wajenku. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ko kalma ba: an yi faɗa a ajinki ba kya nan, an fasa wa wani ɗalibi ido, uban ɗalibin ya zo da mutane, an ji miki ciwo a hannu, an tattake wayarki. Na ce masa ƙarfe nawa aka yi faɗan. Ya ce shi direba ne, ba agogon bango ba. Da na matsa, ya ce abin da ya ji shi ne ba a kai ga kaɗa ƙararrawar hutu ba.

Wannan maganar ce ta mayar da ni shagon da nake buga takardu, na buɗe kwamfuta.

Kin tuna tun bara da kika ce kina son yin digirin digirgir a fannin ilimi ta intanet, ba tare da kin ajiye alli ba, ni kika damƙa wa komai, kika ce ga sabon mai digiri da ba a ɗauke shi aiki ba, ya yi wani amfani. Da jami'ar ƙasar wajen da muka nema ta sa ranar ganawa da ke, ta rubuto lokacin da agogonsu ne. A watan jiya na lissafa bambancin lokacinmu da nasu, na duba a wuri uku, ya faɗa sha ɗaya da rabi na safe a wajenmu, daidai dogon hutun makarantarku. Haka na rubuta miki, har na ja layi a ƙarƙashi.

Gwaggo, a ƙasarsu ana jan agogo gaba da awa ɗaya a wannan watan. Sun ja nasu ranar Lahadin da ta wuce. Na taɓa karanta cewa wasu ƙasashe suna yin haka, amma bai zo mini a rai ba. Ganawar ta koma goma da rabi, tsakiyar darasinki da 'yan aji biyar. A akwatin saƙonki, wanda nake dubawa daga nan, na ga sun aiko da ƙarfe goma da minti talatin da biyu cewa malamansu suna jira, in ba ki shiga ba za su rufe. Na ga kuma kin shiga. Na san wuri ɗaya ne wayarki take samun sabis mai ƙarfi a makarantar nan, siton littattafai.

Ke nan ni na fitar da ke daga aji. Ke kika sa mini suna Sai-na-duba tun ina ƙarami, ga shi abin da ya fi kamata in duba shi ne ban duba ba.

Ki ba ni izini in zo gobe. Zan taho da takardar da ke nuna canjin agogon, in nuna wa duk wanda ya kamata ya gani.

Ɗanki,
Sai-na-duba

*

Alhamis da yamma.

Sai-na-duba,

Na ga takardarka. Jiki da sauƙi. Ka gaida Yaya da matarsa, ka ce ya riƙa ɗaga ƙafar nan a kan matashi. Hannuna na dama ya karye a wuyan hannu, an ɗaure shi da siminti, shi ya sa maƙwabciyata Mai Ɗinki take rubuta mini wannan.

Kar ka zo. Kar kuma ka sake rubuto mini zancen agogo. Ka riƙe takardarka a wajenka.

Gwaggonka

Ɗan nan, ni ce mai rubutun. Ta ce in tsaya a nan, amma sauran takardar fari fat, ni kuma ban iya ɓarna ba. Taka ba ta bari na gani ba, a ƙarƙashin filo ta cusa ta, sai ka ce ta saurayi.

Ka gode wa Allah da ka samu gwaggonka da rai. Ita dai an kira ta ofishin Shugaban makaranta ne, kowa ya sani, Shugaba da bakinsa ya faɗa. Fitarta ke da wuya wani ƙaton yaro da ke zama a baya ya ɓalle ƙafar benci, da ƙusarta a jiki, ya sheme ɗan mai walda a fuska. Wai a kan wurin zama kusa da taga. Jini har kan allo. Ita ta ɗauke shi a kafaɗa zuwa bakin ƙofa, rigarta tana nan na jiƙa ta a bokiti, ruwa na uku ke nan bai daina ja ba.

Kafin azahar mai walda ya iso da ƙannensa biyu. Mai gadi ya tare su, suka fizge sarƙar ƙofa suka zabga masa a baya, dattijon nan har yanzu a kife yake kwana. Suka shiga ɗakin malamai suka kifar da tebura, mazan malamai kowa ya bi ta taga, wanda yake koyar da motsa jiki shi ya riga kowa. Gwaggonka ce kaɗai ta tsaya. Mai walda ya ɗaga kujera, ta kare kanta da hannu, ƙas ɗin da ya yi an ce har waje an ji. Wayarta ta faɗi, ƙaramin ƙanen ya bi ta da dunduniya.

Shi kuma ƙaton yaron, malamin horo ya ɗaure shi a sandar tuta ya yi ta zuba masa bulala har ya sume, sannan 'yan sanda suka kwashe shi. Jiya a caji ofis Shugaba ya yi bayani cewa Malama tana bakin aikinta ne, shi ya aika a kira ta. Aka sa mai walda ya durƙusa ya ba ta haƙuri, yana kuka da majina. Maganar ta mutu ke nan, sai dai kwamitin da za a turo daga ma'aikata, shi kuma shan iska kawai za su zo.

Ka ci abinci, an ce ramamme ne kai.

*

Litinin, 17 ga Maris, ƙarfe ɗaya saura minti goma. A shago, an ɗauke wuta, mai shagon ya fita.

Gwaggo,

Barka da war haka. Ya ƙarfin jiki? In yatsun suka yi sanyi ko suka canza launi, ki koma asibiti a take, alamar simintin ya matse ne. Na gaya wa Baba kin samu karaya. Ya tambayi dalili, na ce faɗan makaranta ne. Ya ce tun kina yarinya ba kya gudu in ana gudu. A gaida Mai Ɗinki, a ce mata ina cin abinci.

Na karanta layukanki. Ba ki taɓa rubuto mini takarda ba tare da kin zolaye ni ba, sai wannan. Na gane, kuma ban ga laifinki ba. Wanda ya jawo aka karya miki hannu ba shi za ki so gani a bakin ƙofa ba.

Amma akwai abu biyu da dole in sanar da ke.

Na farko, jami'ar ta ba ki gurbi. Saƙon ya shigo ranar Asabar. Sun ce bayaninki a kan yadda malami ɗaya zai riƙe aji mai cunkoso ba da bulala ba ya burge su, sun kuma yi fatan hayaniyar da ta katse ganawar ba wani abu ba ne. Suna son amsa kafin ƙarshen wata. Na zauna na auna miki abin, tunda aikin da zan iya ke nan. Shekara huɗu ne in an yi sauri. Yawancin karatun kina iya yinsa lokacin da kika ga dama, amma akwai zama ɗaya kowace Talata wanda dole a gan ki a allo kai tsaye, kuma a daidai wannan lokacin ne na ganawar. Wato rabin shekara zai faɗa cikin hutunku, rabin shekara cikin darasi, duk sanda suka taɓa agogonsu. Suna ƙiyasta awa ashirin na karatu a mako. Na tuna yadda kike dawowa da littattafan yara saba'in a buhu, ban san inda awa ashirin za ta fito ba, sai dai daga barcinki. A ɗaya gefen, ba za ki bar gidanki ba, ba za ki bar aikinki ba, kuma kin sha faɗa cewa kin gaji da masu laƙabin Dakta da ke zuwa su koya miki riƙe aji alhali ba su taɓa tsayawa gaban yara saba'in ba. Akwai sharaɗi guda a shafi na biyu: dole ɗalibi ya kasance yana koyarwa a aji nasa tsawon karatun, don a ajin zai yi bincikensa, kuma shugaban makaranta zai sa hannu duk shekara.

Na biyu, Mai Ɗinki ta yi kuskure a rubutunta. Ta ce ofis aka kira ki. Ba haka ba ne, kina sito. Ina jin labarin ya cakuɗe ne a bakin mutane. Abin da ya dame ni shi ne, in kwamiti ya gano daga baya cewa ba ofis kike ba, za a ce da gangan kika bar aji don harkar kanki. Gaskiyar kuwa ita ce kin tsara komai a lokacin hutu, ni na ɓata lissafin. In mai walda ya san haka, zai san ba sakacinki ba ne, kuma ba zai sake tayar da maganar ba.

Kin ce kar in zo wurinki, ba zan zo ba. Amma ba ki hana ni zuwa wurinsa ba. In ban ji daga gare ki ba zuwa Juma'a, ranar Asabar zan je shagonsa in yi masa bayani da kaina. Zan ba Mai Tabo wannan gobe da sassafe.

Ɗanki,
Sai-na-duba

*

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe goma na safe. A gida, a zaune, don kwanciya ba ta yiwuwa.

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ya hannun? Baba da Mama lafiyarsu ƙalau, sai dai ransu a ɓace. Ni kuma haƙarƙarina biyu na hagu sun tsage, haƙori ɗaya na gaba ya fita, tabarau ya tafi. Likita ya ce huhun bai taɓu ba. Ina faɗa miki ne don kar ki ji an ƙara gishiri.

Juma'a ta wuce ban ga amsarki ba, na ɗauka shirun izini ne. Jiya na hau motar wani direban, don ban ga Mai Tabo a tasha ba. Na isa shagon mai walda wajen sha ɗaya. Rumfar kwano ce a bakin titi, ƙofofin ƙarfe a jingine, injin yana ta ƙugi. Yana durƙushe yana haɗa wata taga, ƙannensa biyu suna riƙe masa. Na yi sallama, na ce ni ɗan yayanki ne. Ya kashe wutar, ya ɗaga baƙin gilashinsa kan goshi, ya sa aka kawo mini kujera. Ya fara ba ni haƙuri a kan hannunki. Ya ce shaiɗan ne, ya ce da za a karɓi nasa hannun a musanya da ya bayar.

A nan ya kamata in tashi. Amma na riga na fito da takardar.

Na ce, "Na zo ne in gaya maka laifin nawa ne, ba nata ba. Ni na yi kuskuren lokacin ganawar."

Ya ce, "Wace ganawa?"

Na ce, "Ta karatun da take nema a intanet. Da a hutu za a yi, sai suka canza agogo, dole ta shiga sito da waya."

Ya dube ni. Ya ce, "Sito. Ba ofis ba."

Na ce, "Ba ofis ba. Ga takardar, ka ga a nan."

Babban ƙanen ya yi dariya, ya ce, "Yaya, ka ji ɗan boko. Ya kawo maka rasit ɗin idon ɗanka."

Mai walda ya karɓi takardar, bai ko kalle ta ba. Ya ce a hankali, "Ni aka sa na durƙusa a gaban 'yan sanda. Gwiwata biyu a ƙasa. Ɗana yana kwance an naɗe masa kai, ni ina ba da haƙuri, ita kuwa tana neman ƙarin girma a waya."

Na ce ba haka nake nufi ba. Ban ƙarasa ba ƙaramin ya shure kujerar. Na faɗi da baya a kan tarin rodi. Abin da na iya tunawa a jere: takalmi a baki, sannan wani abu mai faɗi a haƙarƙari sau biyu, ina jin ƙarfen awo ne. Na ji tabarau ya fashe a ƙarƙashin ƙafar wani. Babban ya kunna wutar waldar ya kawo ta kusa da fuskata har na ji gashin girata yana ƙauri, yana cewa, "A wane ido kake so? Dama ko hagu? Ka lissafa, tunda ka iya lissafi." Mutane sun taru a titi. Babu wanda ya shigo rumfar.

Mai walda ne ya ce, "Kashe wutar nan. Kar ku ɓata masa baki, bakin nake so." Suka zaunar da ni a jikin wata ƙofa, ya buɗe wayarsa ya fara ɗaukar murya, ya ce in maimaita duk abin da na faɗa daga farko. Na maimaita, jini yana bin haɓata. Da na ce goma da rabi, ya ce in sake faɗa da ƙarfi. Sannan ya tare mini mai babur da kansa, ya ce a kai ni tasha.

Sai a mota na gane cewa Mai Ɗinki ba kuskure ta yi ba. Abin da aka faɗa wa kowa ta rubuta. Kuma kin ce in riƙe takardata a wajena.

Da yamma Baba ya je tasha yana faɗa, aka nuna masa gareji, a can ya tarar da Mai Tabo ƙarƙashin motarsa. Tun Talata take gareji. Wasiƙata ta Litinin tana cikin aljihun gaban motar, ba ta je ko'ina ba. Yau zai hau wata motar ya kawo miki ita tare da wannan. Ki karanta waccan tukuna.

Gwaggo, ki bar gidan nan na 'yan kwanaki. Ki kwana wajen Mai Ɗinki.

Ɗanki

*

Juma'a.

Sai-na-duba, ɗan wana,

Ya haƙarƙarin? Ka riƙa rungume filo in za ka yi tari. Haƙori kuwa ba asara ba ce sosai, dama ba ka cika dariya ba. Ka yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, kwana uku ina fama da shi. 'Yan aji ɗaya sun fi ni kyan hannu yanzu. Ka gaida Yaya, ka ce na ji saƙonsa, in ya huce mu yi magana.

Ban yi fushi da kai ba ranar da na ce kar ka zo. Tsoro nake ji. Mai Ɗinki mutuniyar kirki ce, amma abin da ya shiga kunnenta da safe, da azahar yana layin famfo. Ba zan iya ce mata ta rubuta maka cewa ana ƙarya a kaina kuma na yi shiru ba. Shugaba ne ya ƙirƙiro zancen ofis, don shi ya sa mini hannu a takardar neman karatun, yana tsoron a haɗa da shi. Ya shiga ajin da malamin horo, aka zane yaran layin gaba da bulala gaba ɗaya, aka ce duk wanda ya ambaci sito zai bi ƙaton can caji ofis. Ina kwance a asibiti aka yi. Da na ji, ban ce a'a ba. Da mutumin nan ya durƙusa a gabana ma ban ce komai ba.

Yanzu ka saurara, don na ga ka ɗauki abin nan ka ɗora a kanka kamar kayan gado. Awarka ɗaya ta fitar da ni daga aji, wannan gaskiya ne. Amma bangon sito shi ne bangon ajina. Ina cikin ganawar na ji an ja benci da ƙarfi. Na san ƙarar wasa, na san ta faɗa, shekara sha tara nake jin su. Wata farfesa mai farin gashi tana tambayata yadda zan haɗa karatu da aiki, ni kuma ina ce mata ajina ba zai ji a jikinsa ba. Monita ya zo ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce, "Malama, za su yi faɗa." Na toshe wayar da hannu na ce, "Ina zuwa." Na juya na ƙarasa amsata, don amsar tana tafiya da kyau. Sai da na ji ihun na tashi. Wannan ba ya cikin agogon kowa.

Ranar Lahadi da la'asar ƙannen suka zo. Na ƙi zuwa gidan Mai Ɗinki. Suka ɓalle ƙarfen tagar falo, wanda yayansu ne ya haɗa mini shi shekarun baya, suka yi ta jifa da duwatsu har madubin kabad ya zube. Ina zaune a tsakar ɗaki da hannu a rataye. Da suka gaji suka tafi. Washegari shi ya zo, babu sanda, babu ƙanne. Ya riƙo ɗansa, an naɗe rabin fuskar. Ya tsayar da shi a gabana ya ce, "Gaya masa inda kike." Na gaya masa. Yaron ya ce, "Ai mun sani, Malama. Muna jin muryarki ta bango." Na gwammace duwatsun.

Kwamiti ya zauna ranar Laraba. Mai walda ya kunna musu muryarka. Kana ta cewa laifinka ne, wani daga cikinsu ya tambaya ko kai ma'aikacin makarantar ne. Na ce a kashe, ni zan faɗa. Na faɗi komai, har ƙwanƙwasar monita da zane layin gaba. Shugaba bai ɗago kai ba.

Ba su kore ni ba. Sun karɓe ajin. Wata shida ba zan tsaya gaban ɗalibai ba, sannan a sake dubawa. Da suka rasa inda za su ajiye ni, sai suka ba ni makullin sito, in riƙa ƙirga littattafai. Jiya na fara. Sabis ya cika taf, Mai Ɗinki ta ara mini tsohuwar wayarta, ko sau ɗaya bai yanke ba. Ajina kuma malamin horo aka ba. Daga safe zuwa tashi ina jin bulalarsa ta bango, ina gane kukan kowane yaro da sunansa.

Na karanta awon da ka yi mini, ka kyauta, har sharaɗin shafi na biyu. Kar ka je ka nemo mini wata dabara. Da wayar nan na rubuta musu da yatsa ɗaya cewa bana ba zan karɓa ba, don ajin da na ce zan yi bincike a kansa ba ya hannuna, na kuma gaya musu abin da hayaniyar nan take. Har yanzu ina son karatun, kar ka ɗauka na daina so. Amma in zan sake nema, sai ranar da na san wanda zai tsaya a ajin duk Talata.

Na sa mai gadi ya cire ƙyauren siton ya jingine shi a waje. Ya ce ɓarayi fa. Na ce su zo, littattafan lissafi ne.

Kar ka zo tukuna.

Gwaggonka

*

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe tara da rabi na safe. A gida, na fara iya kwanciya ta gefen dama.

Gwaggo,

Na gode da takardar. Na iya karanta duka, sai kalma ɗaya da tawada ta cinye. Ya hannun, ya ƙaiƙayin siminti? Baba ya huce rabi. Ya ce in gaya miki zai aiko da wanda zai gyara tagar, kuma ba mai walda ɗin nan ba. Na gwada dabarar filo, tana aiki.

Na ga amsarki ga jami'ar a akwatin saƙo. Ban taɓa komai ba. Na canza lambar sirrin zuwa wadda kika sani, ni kuma ba zan ƙara shiga ba sai kin ce.

Abin da na sani kin riga kin san shi. Ga abin da ban sani ba.

Ko idon zai ga haske. Mai Tabo ya ce sai an kwance naɗin, bai san ranar ba.

Inda ƙaton yaron yake, da ko wani ya duba bayansa tun ranar sandar tuta.

Ko za a tambayi Shugaba zancen layin gaba, ko a kanki kaɗai maganar ta ƙare.

Ko wata shidan kwamiti wata shida ne, da wanda zai tuna ya sake dubawa.

Ko jami'ar za ta amsa, da ko farfesar nan za ta tuna da ke baɗi.

Ko ƙannen sun gama.

Ko za ki faɗa wa kwamiti da kanki da a ce ban je rumfar nan ba. Ban tambaya don ki amsa ba.

Sai layinki na ƙarshe, inda kika ce kar in zo tukuna. Ban san ko na tsoro ne ko na wani abu ba, kuma wannan karon ba zan fassara shi da kaina ba. Ina nan. Mai Tabo ya ce motar ta gyaru.

Ɗanki,
Sai-na-duba